Hoton dutse ya yi kyau, to dutsen fa?

Kun san ni da rubutun duwatsu, to yau da ƙorafi na zo. Da an saki bidiyon wani dutse na ƙasar Hijaz yana juyawa a fuskar waya, haruffa sun fito raɗau, sai saƙonni su yi ta shigowa: Malam ka gani, an ceto tarihi. Kowa na tafi. Ba mai tambaya ko dutsen yana nan, ko an kewaye shi, ko akwai mai gadinsa.

Kuma ba ƙananan abubuwa ake magana a kai ba. A Wadi al-Usaila, arewa maso gabas da Makka, wani Usman bin Wahran ya sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikin dutse, ya sa shekara ta 80 bayan Hijira. A wajen Ɗa'ifa, Rayyan bin Abdullahi ya rubuta kalmar shahada, ya roƙi Aljanna, sannan ya ce ya yi rubutun ne a shekarar da aka gina Masallacin Harami, ta 78. Can kuma a madatsar ruwa ta Saisad akwai sunan Mu'awiya da shekara ta 58. Mutane ne da suka taka hanyoyin da alhazanmu ke ratsawa yau cikin mota mai sanyi, suna barci.

To, na yarda, na'urar ɗaukar hoton tana aiki. A da alli ake goga wa haruffa don su fito a hoto, ko a manna jiƙaƙƙiyar takarda a yi ta bugunta da buroshi, dutse na shan wahala. Yanzu sai a kafa kyamara wuri ɗaya, a ajiye ɗan ƙwallo baƙi mai sheƙi a gefe, a yi ta zagayawa da fitila ana ɗauka. Kwamfuta ta haɗa hotunan, kai kuma kana zaune kana karkata hasken yadda ka so, har harafin da iska ta cinye ya ɗago kai. Ga shi kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, don haka masana da yawa ta hoto kaɗai za su karanta rubutun cikin Harami. Shi ke nan, na yaba. Mu koma kan maganata.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hoton yana yanko rubutun daga muhallinsa. Ba ya gaya maka cewa mai rubutun a inuwa ya zauna, ko a bakin hanyar ayari, ko sai da ya hau tsauni kafin ya kai inda ya sassaƙa. Me ya sa ya zaɓi wannan fuskar dutsen ya bar waccan? Wannan sai ƙafa ta je.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwanciyar hankalin da hoton ke saya wa mutane. Makka gari ne da katafila ba ta hutawa. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, har da tsaunin da take kai, aka kafa dogayen benayen nan masu agogo. A irin wannan gari, ranar da hanya ko otal ya doso wani dutse, amsa tana nan a shirye: ai mun ɗauke shi a kwamfuta. Wace kwamfutar? Ta wa? Wa zai iya buɗe fayil ɗin nan da shekara talatin? Rubutun Usman ya haura shekara 1,300 yana shan rana, ni kuwa faifan da na zuba hotunan bikina tuni ya daina buɗuwa.

Sai kuma 'yan gani-na-farko. Gaskiya matasan Saudiyya masu yawon sahara sun gano rubuce-rubuce da dama, sun sa a intanet, masana suka amfana. Amma wani zai ɗora hoto har da taswirar wurin, mako na zagayowa ka ga wani gwani ya je da fenti ya rubuta sunansa da na budurwarsa kusa da addu'ar mutanen ƙarni na farko. Hoton yana nan tas, ana ci gaba da yaba shi.

Kada mu yi wa Larabawa dariya, namu ma na nan. Zanen duwatsun Birnin Kudu mutum nawa a cikinmu suka taɓa zuwa gani? A Dabous ta ƙasar Agadas, da aka ɗauki kwafin raƙuman dawan da aka sassaƙa a jikin dutse a 1999, ba a tsaya nan ba, an sa Buzayen yankin suna kula da wurin, suna raka baƙi. Ita kuwa hukumar kula da kayan tarihi ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2020, ba kuɗi ta rasa ba. Ni dai duk wanda zai sake turo mini dutse mai juyawa, ya haɗo da hoton shingensa da na rumfar mai gadi. In babu, ya bar mini datata.