Ina Sunan Littafinmu Ya Shiga?

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya riƙe fitowar baya ta wannan ɗan littafi namu ya ga abin da ya samu bangonsa: baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya, ba suna, ba lamba. Ni na zana bangon nan, don haka bari in fara da kaina kafin in taɓa kowa.

A salula na haɗa shi, fili baƙi, rubutu ja jawur. A gilashi kam ya yi kyau, sai ka ce garwashi cikin dare. Muka yi karo-karo aka kai Gazawa aka buga kofi 80. Da aka dawo da su Gangara, jan ya nutse. Injin fotokofi na baƙi da fari haske da duhu kawai yake aunawa, kuma ja mai ƙarfi a wurinsa ƙanen baƙi ne. Salula tana haska launi daga baya, ita kuwa takarda ba ta da fitila. Kuɗinmu ya tafi, kunya ta zauna.

To, mi ya sa na zaɓi waɗannan launuka? Gaskiya ban yi tunani ba, kwaikwayo na yi. Ku dubi afish ɗin bikin ƙarshen shekara, da rigunan ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa, da hotunan da muke sawa a WhatsApp. Kowa ja a kan baƙi, wai shi ne ƙarfi, shi ne zafi. Daga finafinan ban tsoro na Amurka muka ɗauko shi, inda yake nufin jini da dare, sai ga shi mun liƙa shi har a sanarwar gasar karatu.

Ko can waje, waɗanda suka san abin da suke yi da dalili suke haɗa su. Littafin Stendhal na 1830, Le Rouge et le Noir, galibi ana fassara sunansa da jan kayan soja da baƙar rigar limamin coci, hanyoyi biyu da ke gaban saurayi talaka mai buri. Tutar Angola ja ce da baƙi, jinin gwagwarmaya da nahiyar Afirka, amma tambarin tsakiya rawaya ne don ido ya kama shi. Rigar AC Milan ma, lambar da ke bayanta galibi fara ce. Ba su ɗora saƙo ja a kan baƙi su ce mai kallo ya yi ta kansa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malaman wannan aiki suna nan gida, na tsallake su. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda fatarta, kuma irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Majemi zai jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Sannan baduku ya ɗauko baƙin rini na ƙarfe ya ja layi siriri. Ku duba kube, ko alabe, ko gafaka: ja shi ne fili, baƙi shi ne zane, kuma sau da yawa akan raba su da ɗan fari ko kore. Kowane launi ya san wurin zamansa.

Haka ma Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu. Haruffa da baƙar tawada, wasula da ja, duka a kan takarda mai haske. Mu da kanmu harafi “baƙi” muke ce masa, kuma a makarantar allo da babbaƙu muka fara kafin farfaru. Baƙi ke ɗaukar magana, ja yana yi masa jagora, kaɗan-kaɗan. Da an yawaita jan, da shafin ya dagule.

Harshenmu ma ya ba su nauyi. Muna cewa jan aiki, jan hali, jan gwarzo. Muna kuma cewa baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana. Wanda ya haɗa su a takarda ya riga ya faɗi wani abu kafin a karanta kalma ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani abokina a ƙungiya ya ce mini: “Kai, bar shi haka, ai fushinmu ne. Aji ba malami, digiri ba aiki, ƙannenmu sun tafi ci-rani.” Na yarda da fushin. Amma fushin da ba ya karantuwa wa zai ji shi? Akwai ma mutanen da idonsu ke ganin ja da duhu tun haihuwa, ga kuma mai karatu da tocila da dare. Su ma da su muke magana.

Ba cewa nake a daina haɗa ja da baƙi ba. Cewa nake a raba musu aiki kamar yadda baduku ke yi. A zaɓi fili guda, a bar magana ga baƙi, a taɓa ja inda ake son ido ya tsaya. Kafin a buga da yawa, a fara buga kofi ɗaya a duba, dala biyar ce kacal.

Bangon da ke hannunku yanzu fari ne, sunan baƙi. Jan layin da ke ƙarƙashinsa da jan bik muka ja shi, ɗaya bayan ɗaya, mu huɗu a kan tabarma. Idan naku ya ɗan karkace, to hannuna ne.