Kiɗan da Ba Shi da Hoto

Duk wanda ya yi yarinta a Dungas wajen ƙarshen shekarun 1990 zai tuna yadda mujalla take iso mana. Ranar Alhamis ƴan kasuwa kan ƙetara iyaka su ci kasuwar Maigatari, in sun dawo da almuru, tsakanin batir da sabulu, akan dace da kwafi guda na Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, ko Tauraruwa ta Kano da ta girme ta da shekara ɗaya. Kwafin nan sai ya zagaye unguwa har bangonsa ya cire. Mu ƴan lakwal da aka koya wa karatu da Faransanci, da yawanmu a shafukan nan muka fara sarrafa Hausar boko ba tare da malami ba.

Yanzu da furfura ta fara leƙo mana, mun shiga begen wancan zamani, kuma ba laifi. Sai dai ina ganin begen namu yana da mantuwa a ciki. Abin da muke tunawa fuskoki ne: Ali Nuhu, Fati Mohammed, hoton da muka yanke muka liƙa a bangon ɗaki. Alhali abin da ya ja mu ga fuskokin nan tun farko sauti ne, wato kiɗan fiyano na waƙoƙin fim irin su Sangaya, wanda samari a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano suke fitarwa daga na'urar Yamaha. Mutum ɗaya, da yatsu goma, ya tsaya a matsayin mai kalangu da mai sarewa da mai ganga. Mun haddace waƙoƙin kaf, amma ban tuna ko sau ɗaya wani cikinmu ya tambayi sunan mai yatsun ba. Ko an rubuta shi, tsallakewa muke yi mu kai ga hoto.

Manyanmu kuwa hukuncinsu a yanke yake: wannan ba kiɗa ba ne, kwaikwayon Indiya ne. Wanda kunnensa ya saba da kalangun Shata ko kiɗan Ɗan Gurmu yana da hujjar ƙyamar gangar da ba fata a jikinta. Akwai gaskiya a zargin, don wasu waƙoƙin karin Indiya ne aka sa wa hula. Amma abin da ya kuɓuce musu, mu ma ya kuɓuce mana, shi ne kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma ba Kano ce ta fara kawo mana shi ba.

Tun 1978, shekaru huɗu kacal bayan Jamusawan Kraftwerk sun fitar da Autobahn, biyu bayan Oxygène na Jean-Michel Jarre, Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya mai suna Orla. Kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai. Amma kiɗan ya shiga gidaje ta wata ƙofar: shi ake sakawa a rediyo da talabijin na ƙasa a cike gurbi tsakanin shiri da shiri. Wato jama'a sun shekara da shekaru suna jin sa, suna ɗauka ƙarar jiran labarai ce.

Na sake sauraron kaset ɗin bayan da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fito da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Abin da ya fi kama ni shi ne rashin gaggawarsa. A “Salamatu”, alal misali, karin gajere ne, yana tafiya yana dawowa kamar mai jan guga, amon ƙasa yana riƙe da shi, ba ya neman burge kowa. Jarre sararin samaniya yake kwatantawa. Mamman Sani kuwa bai ɗaga ƙafa daga ƙasa ba. Karin waƙoƙin gargajiya ya ɗauko ya ba na'urar, ita kuma da ƴar muryarta siririya ta maimaita. Ba duka ne ya yi armashi ba. Akwai wuraren da bugun na'urar yake daskarewa har kunne ya gaji, abin da makaɗin kalangu ba zai taɓa bari ya faru ba, don shi yana kallon idon masu rawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar da sunan ya bi kafin ya iso gare ni. Sai da ya je Amurka, aka buga shi a faifai, Turawa suka yi sharhi, sannan na san mai kiɗan da na girma ina ji daga akwatin rediyon mahaifina. Makaɗan fiyanon Kano kuwa har yau ban iya kawo sunan mutum uku a cikinsu ba, ga shi ina iya rera waƙoƙinsu daga farko har ƙarshe. Ragowar mujallun nan suna nan a wata tsohuwar adaka a gidanmu, gara ta ci gefe. Da na koma Dungas bara na buɗe su ina neman sunayen, sai na tarar da yawan shafukan duk ramuka ne, inda muka yanke hotuna da reza, muka tafi da rubutun da ke bayansu.