An Biya Kuɗin Ƙofa, Ina Rabon Mai Labari?

Tun daga 1990 da aka fito da Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa ya jingina da alƙalamin marubuta. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun koma fim, jama'a suka yi ta tururuwar kallo. Amma mu marubuta mun yi sakaci da tambaya guda: idan aka haska fim a silima ko gidan kallo, aka karɓi kuɗin ƙofa, wa ya ba da izini, kuma wa zai ci moriyar?

A zamanin kaset, mai gidan kallo kan sayi kwafi ɗaya ya tara mutane ya karɓi kuɗi, yana ganin ai da kuɗinsa ya saya. Wannan kuskure ne. Sayen kwafi damar kallo a gida kawai yake bayarwa. Nunawa ga jama'a haƙƙi ne na daban, sai da yardar mai fim. Haka kuma takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, shaidar tantancewa ce, ba ta maye gurbin wannan yarda.

Doka ba ta bar mu a baya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta gaji ta 1988, ta kare fim na shekara 50 daga fitowarsa, littafi kuwa har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Tun 2014 ma aka amince wa ƙungiyar AVRS ta riƙa ba da lasisin nuna fina-finai ga jama'a a madadin masu haƙƙi.

To ina gizo ke saƙar? A wurinmu. Da yawa daga cikinmu kan miƙa labari ga furodusa da fatar baki, a ba mu na goro, mu yi godiya. In fim ya yi kasuwa sai mu koma ƙorafi, alhali ba mu da takarda ko ɗaya a hannu.

Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman sababbin marubuta: kada a ba da labari sai an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a fayyace tsawon lokacinta, da inda za a nuna fim ɗin, da kason marubuci daga kuɗin silima. Kunyar maganar kuɗi da abokin sana'a ita ta jawo mana wannan asara. Allah Ya sa mu gyara.