Wasiƙa Ɗaya, Mutum Dubu, Kowa Na Jin Tasa Ce

A Tamale ta ƙasar Ghana akwai wata gwaninta da ba a cika yaba wa masu ita ba, wato iya rubuta wasiƙar labarai ta imel. Waɗanda ta fi yi wa rana su ne masu sana'ar da abokan cinikinsu ke nesa: ƙungiyoyin matan da ke sarrafa man kaɗe, masu ɗinkin batakari, da ƙungiyoyin agaji da suka yi yawa a garin. Tsarin ba shi da wuya. Mutum ya ba ka adireshinsa da kansa, kai kuma ka yi alkawarin zai riƙa jin ɗuriyarka, a ce sau ɗaya a wata. Wuyar tana wajen cika alkawarin da abin da zai sa ya buɗe.

Me ya sa ba a tsaya ga Facebook ba? Domin mabiyanka a can ba a hannunka suke ba. A 2018 kamfanin ya sauya tsarinsa, mabiyan da saƙonnin shafukan kasuwanci ke kai wa gare su suka ƙara raguwa. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. A Najeriya gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Jerin adireshi kuwa naka ne. In kamfanin aika imel irin Mailchimp ya yi maka tsada, ka kwashe sunayen ka koma wani wuri.

Dubi yadda gwana a harkar man kaɗe ke rubuta wasiƙar watan Yuni. Ba ta buɗewa da farashi. Sai ta ce damina ta kankama, 'ya'yan kaɗe sun fara zuba, mata na sammakon tsinta tun kafin aikin gona, suna kaffa-kaffa da macizai a cikin ciyawa. Ta ce an tafasa ƙwara amma hadari ya hana ta bushewa, don haka kayan da aka yi alkawari za su yi jinkirin mako biyu. Hoto ɗaya tak, na hannuwa cikin kwano ana bugun kaɗe har mai ya taso fari. In zafin Maris ya zo, ta gargaɗi mai saye cewa man na iya narkewa a hanya, ta gaya masa yadda zai ajiye shi. Mai haɗa sabulu a Jamus da ya karanta wannan ba zai ɗauki jinkirin a matsayin yaudara ba, don an gaya masa tun bai tambaya ba. Wannan faɗar gaskiya kafin a nema ita ce abin da ya fi burge ni a aikin. Kuma wasiƙar za ta je wa mutum dubu, amma tana rubuta ta ne da fuskar mutum ɗaya a ranta, tana ce masa "kai", ba "jama'a" ba.

Yankin nan ba baƙon wannan ilimi ba ne. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta littafi sukutum kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. A zamanin fataucin goro, takarda ce ke ɗaukar amana tsakanin mutanen da tafiyar watanni ta raba.

Gwana ba ta sayen jerin adireshi, ba ta kuma cusa sunan wanda bai nema ba. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ba mutum haƙƙin hana a yi masa talla da bayanansa, kuma tun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa su sa maɓallin fita a sarari. Wanda ya fita ta bar shi ya tafi, ba ta bin sa da magiya.

Alƙaluman "mutum nawa suka buɗe" ba ta dogara da su sosai, tun da Apple ya fito da tsarin sirri a 2021 wanda ke nuna an buɗe saƙon da ba a karanta ba. Amsa take ƙirgawa. Shi ya sa take rufe wasiƙa da tambaya ɗaya mai sauƙi, kamar wane irin mazubi mai saye ya fi so, kuma duk wanda ya amsa ta mayar masa da hannunta. Ranar taron ƙungiya sai ta fassara amsoshin da Dagbanci ga matan da suka yi aikin, su ji wanda ya yaba da wanda ya koka da ƙaurin hayaƙi, a gyara wuta a suya ta gaba.