Daga Kappa zuwa Lombre: Tarken Surar Wani Dodon Wasan Kwamfuta

Wannan maƙala za ta duba surar Lombre, ɗaya daga cikin halittun wasan Pokémon waɗanda ɗan wasa yake farautowa yana tarawa. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 2002, cikin wasannin Ruby da Sapphire, da lamba 271. Wayar hannu da talabijin sun kawo irin waɗannan halittu har unguwanni kamar Ketaren Gwari a Minna, saboda haka nazarinsu ya hau kan mai nazarin adabin baka.

Kamannin Lombre suna nuni ga kappa, wato dodon ruwa na almarar Japanawa, wanda Yanagita Kunio ya kawo labaransa a Tono Monogatari (1910). Kappa yakan ja yara da dawaki cikin kogi. A tsakar kansa akwai wani ɗan kwari mai kamar tasa, cike da ruwa, kuma a nan ƙarfinsa yake. Idan mutum ya rusuna ya gaishe shi, ala tilas ya rama gaisuwar, sai ruwan ya zube, ƙarfinsa ya ƙare. Ke nan, ladabi shi ne makamin da ake cin sa da shi.

Masu zanen sun yi hikima da suka mayar da tasar nan ganyen bado, domin a kallo ɗaya an san gidansa ruwa ne. Sai dai a nan hikimar ta tsaya. Ganyen ya zama ado, ya ma rikiɗe malafar mutanen Meziko, kamar yadda sunansa na Japananci, Hasubrero, ya nuna. Babu wani lago irin na kappa a jikinsa. Dodon da a da yake halaka yaro, yanzu iyakarsa tsorata masunta da jan zaren ƙugiyarsu. In ya girma ya zama Ludicolo kuwa, sai rawa. An ɗauki siffa, an bar aikin da siffar take yi.

Wannan batu ya shafi Dodo na tatsuniyar Hausa, wanda ya yawaita a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar (1911–1913). Shi ma yakan tare ruwa, yakan haɗiye mutane, kuma da dabara ake kayar da shi, galibi ta hannun mai rauni. Amma kappa yana da sura tsayayya tun a zane-zanen zamanin Edo, Dodo kuwa ba ya da ita. Kowane yaro da nasa Dodon, gwargwadon duhun daren da muryar mai ba da tatsuniyar. Matashin da ya ƙuduri sanya Dodo cikin wasan kwamfuta dole ya yanke masa fuska guda, ya kuma sa shi ya yi wa yaro biyayya, alhali a tatsuniya yaro gudunsa yake yi.