Habaici da Bakin Alƙalami

A Kasuwar Singa, tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda tireloli ke sauke buhunan sukari da fulawa da katan-katan na taliya, na taɓa ganin wani ɗan dako ya sauke kaya, ya leƙa wayar maigidansa, ya kece da dariya. Zanen barkwanci ne na Mustapha Bulama, mai yi wa jaridar Daily Trust zane. Ɗan dakon bai ko tsaya kan ɗan Turancin da ke jiki ba, ya ce, "Alhaji, wallahi da mu yake!"

Wannan ita ce gwanintar da nake girmamawa. Abin da marubuci zai cika shafi yana bayani, mai zane ya dunƙule shi a fili kamar tafin hannu.

Aikin yana farawa ne kafin a ɗauki alƙalami. Sai mai zane ya bi labaran ranar, ya tace su har ya rage magana ɗaya tak. Sannan ya nema mata jiki. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba ta da fuska, amma gwani zai iya mayar da ita buhun shinkafa mai fukafukai, magidanci na bin sa da gudu, aljihu a zazzage. Duk wanda ya zo sari Singa ya koma da rabin abin da ya saba saya ya san wannan gudun.

Sai kama. Ba ya zana mutum dukansa. Karin hula, tabarau, giɓi ko tumbi yake ɗauka ya ƙara masa gishiri, har yaro ya gane wane ne ba a rubuta suna ba. In gishirin ya yi kaɗan, ba dariya. In ya yi yawa, ya zama cin mutunci. Tsayawa a tsakanin nan shi ne wuyar sana'ar.

Tana da tarihi a ƙasar nan. Akinola Lasekan, mai sa hannu da Lash, ya yi ta caccakar mulkin mallaka da zane a West African Pilot, jaridar da Nnamdi Azikiwe ya kafa a Legas a 1937. Josy Ajiboye ya yi zamaninsa a Daily Times. Mu kuwa kunnenmu ya riga idonmu sabawa da abin: 'yan kama da 'yan gambara da makaɗan fada sun daɗe suna gaya wa manya gaskiya cikin raha, ta zambo da habaici. Mai zane magajinsu ne, sai dai gangarsa takarda ce.

Ɗan dakon nan ya gyara gammonsa, aka ɗora masa wani buhun, ya kutsa cikin cunkoso yana murmushi. Nauyin bai ragu ba, amma ya san akwai wanda ya gan shi.