Marubucin Da Ya Hana Ƙuri'a Aikinta

A watan Mayun 1942, hafsoshin sojan ruwan Japan suka taru a cikin jirgin Yamato don gwada harin ba-zata da suka shirya kai wa tsibirin Midway. A kan taswira aka buga wasan, ana jefa ƙuri'a irin ta ludo don sanin ko bam ya samu jirgi. Ƙuri'a ta ce bama-baman Amurka tara sun samu, manyan jirage biyu masu ɗaukar jiragen sama, Akagi da Kaga, sun nutse. Admiral Matome Ugaki, shugaban alƙalan wasan, ya mayar da tara uku. Daga baya ma aka dawo da Kaga cikin wasan kamar bai taɓa nutsewa ba. A watan Yuni, da aka je filin gaske, Japan ta rasa irin waɗannan jirage huɗu, domin Amurkawa sun riga sun warware saƙonninta na sirri.

Da yawa daga marubutan labaran yaƙi da muke karantawa a wayoyinmu, irin aikin Ugaki suke yi. Sadauki zai shirya sumame cikin dare. Babu dokin da ya yi haniniya, babu ɗan leƙen asirin da aka kama, kogin da aka ce ya janye kuwa ya janye ɗin. Masu gadi kullum barci suke. Wannan gadon Iliya Ɗan Maiƙarfi ne, amma shi Ahmadu Ingawa bai ɓoye cewa gwarzonsa ya fi ƙarfin ɗan Adam ba. Na yanzu suna kiran abin dabarar yaƙi, alhali marubuci ne ya riƙe ƙuri'ar a hannunsa.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa gwajin da ba zai taɓa faɗuwa ba bai gwada komai ba. Labari ma haka yake. Da zarar mai karatu ya gane shirin ba zai ɓaci ba, zuciyarsa ta daina bugawa, sai ya riƙa tura shafi da yatsa.

Kuma ba mu rasa abin dubawa a gida ba. A ƙarni na 19, mahayan Ningi sun addabi yankin Birnin Kudu da Dutse, inda Buji take a yau, lokacin duk yana ƙarƙashin Kano. Mai kai irin wannan hari lissafi yake yi. Ina za a shayar da dawaki? Wane manomi ne zai hango ƙura ya ruga gari? Kuma komawa ta fi zuwa haɗari, don mai koro shanu da kamammu ba ya sauri, masu bin sawu kuwa hannunsu sake yake.

A nan labarin yake, a daren da ake gardama kafin a ɗaura sirdi. Muna son jin barden da ya ce a fasa, kuma hujjarsa ta yi nauyin da za mu kasa yanke wa ke da gaskiya. Sadauki na iya yin nasara bayan haka, amma a nuna mana abin da ya biya, kuma wanda ya faɗi a babi na uku kada mu gan shi a kan doki a babi na tara.